Baba ya bar taba shekara shida, me ya sa huhunsa bai huce ba?

Wata 'yar'uwa ce ta aiko da tambaya. Mahaifinta ya sha taba fiye da shekara talatin, ya bari yau shekara shida. A asibiti an ce yana da cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wadda likitoci ke kira COPD, kuma an ce har yanzu akwai kumburi a huhunsa. Tari da kaki ba su rabu da shi ba, haki kuwa sai gaba yake yi. Ƙaninta yana da asma, abin shaƙa mai sitiroyid, wato maganin rage kumburi, yana yi masa aiki sarai, amma da aka ba Baba irinsa bai ga wani canji ba. Tana son sanin abin da ke hura kumburin tunda hayaƙin ya tafi, da kuma ko akwai maganin da zai kashe shi.

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da shi. Kafin komai, ki tabbatar masa barin tabar nan bai tafi a banza ba. Na fara da wannan ne don na san abin da ke zuwa a ran dattawa da yawa idan suka ga sun bari amma tarin yana nan: sai su ce to ina amfanin, wasu har su koma ruwa. Akwai wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan masu shan taba 5,887 da huhunsu ya fara taɓuwa, aka fitar da sakamakon farko a 1994. An ga waɗanda suka ci gaba da sha suna rasa wajen mililita 62 a kowace shekara daga iskar da suke iya furzarwa a daƙiƙar farko, waɗanda suka bari suka dage kuwa wajen mililita 31. Rabi ke nan. Har yau ba a samu wani magani da ya kai wannan ba. Da Baba bai bari ba, da halin da yake ciki yanzu ya fi haka muni nesa ba kusa ba.

Amma abin da aka gaya muku gaskiya ne, kumburin yana nan. Hayaƙi ne ya tayar da shi, sai dai bayan shekaru masu yawa huhun da kansa ya koma yana samar da abubuwan da ke kiran ƙwayoyin garkuwar jiki, su kuma idan sun zo sai su yi ɓarnar da za ta sake kiran wasu. Kuma ƙwayoyin da ke wannan aiki a huhun galibin masu COPD daban suke da na asmar ƙaninki. Waɗannan abubuwa biyu su ne amsar tambayarki, bari in warware su.

Hanyar iska daga maƙogwaro tana rabuwa gida biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, haka har sau ashirin da 'yan kai, kafin a kai ga 'yan jakunkunan iska ɗaruruwan miliyoyi inda iskar oksijin ke shiga jini. Tun 1968 James Hogg da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa toshewar COPD tana faruwa ne a can ƙasa, cikin ƙananan rassan da faɗinsu bai kai milimita 2 ba. Wurin nan yana da wata illa: saboda rassan suna da yawa ƙwarai, ana iya rasa dubbai daga cikinsu mutum bai ji komai ba. A 2018 masu bincike a Vancouver suka ƙirga waɗannan rassa a huhun mutanen da cutarsu ba ta ma yi tsanani ba, suka tarar wajen kashi 40 cikin 100 na rassan ƙarshe sun riga sun ɓace. Wato lokacin da Baba ya fara tsayawa yana hutawa a hanyar masallaci, aikin ya daɗe da nisa. Kumburin da ake magana a kai kuwa shi ne taruwar ƙwayoyin garkuwa a bangon waɗannan rassa, bangon ya yi kauri ya yi tabo, majina ta cika ramin.

Yadda abin ke somawa shi ne, cikin hanyoyin iska akwai wata shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta masu 'yan gashi da ke kaɗawa ba dare ba rana, suna tura majina da ƙurar da ta maƙale a jikinta zuwa sama don a haɗiye ko a tofar. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, da yawansu masu ƙona ƙwayar halitta ne. Gashin nan sai su gajarce su yi sanyi, ƙwayoyin da ke yin majina su ƙaru. Ƙwayar halittar da ta ji rauni ko ta mutu tana zubar da abin cikinta, irin su HMGB1 da IL-33 da IL-1, kuma maƙwabtanta suna da wuraren jin waɗannan abubuwa a jikinsu. Da zarar sun ji, sai wani furotin da ake kira NF-kappa-B ya shiga tsakiyar ƙwayar inda DNA yake, ya buɗe ƙwayoyin gadon da ke ƙera saƙonnin kira. Manyan saƙonnin su ne IL-8 da TNF da IL-6 da LTB4. Waɗannan ƙananan sinadarai su ne harshen da ƙwayoyin garkuwa ke magana da juna da shi. IL-8 da LTB4 suna jawo ƙwayoyin garkuwa masu suna niyutrofil daga jini, wasu saƙonnin su jawo ƙwayoyin da za su zama makrofej, wato ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye bakteriya, wasu su jawo ƙwayoyin T masu kisa da ake kira CD8.

Duk mai shan taba yana da wannan kumburi gwargwado. Waɗanda suka kamu da COPD su ne waɗanda abin ya zarce musu, kuma gado da yadda huhu ya girma tun ƙuruciya suna da hannu a ciki.

Niyutrofil ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ne mafi yawa a fararen ƙwayoyin jini, aikinsa kashe bakteriya, kuma yana tafe da makamai masu ƙarfi. Idan kin taɓa duba kakin Baba da safe kin ga ya koma kore shar, wannan launin daga wani sinadarin niyutrofil ne mai suna mayelofaroksides, shi kansa kore ne. Ƙaruwar korancin alama ce ta yawan niyutrofil, galibi kuma ta yawan bakteriya, shi ya sa muke tambayar launin kaki kafin mu rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Babban makaminsa wajen ɓarna shi ne elastes, mai narkar da elastin, zaren da ke sa huhu ya miƙe idan an ja numfashi ya kuma koma da kansa idan an sake. Elastes yana kuma tunzura ƙwayoyin majina su ƙara zuba.

Jiki yana da abin da ke riƙe elastes, wani furotin ne da hanta ke yi, sunansa alfa-1 antitirifsin. Yadda aka gano muhimmancinsa labari ne da nake son ɗalibai su sani. A 1963, a birnin Malmo na ƙasar Suwidin, Carl-Bertil Laurell da Sten Eriksson suna duba gwajin jinin mutane sai suka lura wasu 'yan kaɗan ba su da wannan furotin, kuma a cikinsu akwai waɗanda huhunsu ya lalace tun suna da sauran ƙuruciya. Ba a jima ba Paul Gross a Amurka ya zuba papain, sinadarin ɗanyar gwanda mai tausasa nama, a huhun ɓeraye, bangon jakunkunan iskarsu ya yayyage kamar na masu cutar. Daga nan aka fahimci cewa lafiyar huhu tana rataye ne a kan daidaito tsakanin masu narkarwa da masu tarewa. Rashin furotin ɗin ta hanyar gado ya fi yawa a Turawan arewacin Turai, ba kasafai ake ganinsa a wajenmu ba. Amma hayaƙi yana ƙona wani gurbi a jikin furotin ɗin ya rage masa ƙarfi, don haka mai shan taba yana jawo wa kansa ƙaramin rashin a cikin huhunsa. Makrofej ma yana da nasa masu narkarwa, MMP-9 da MMP-12. A 1997 aka sa ɓerayen da aka cire wa MMP-12 cikin hayaƙin taba na tsawon watanni, huhunsu bai yayyage ba, na sauran ɓerayen ya yayyage.

Idan elastin ya tafi, ƙananan rassan ba su da abin da zai riƙe su a buɗe yayin fitar da numfashi, sai su rufe iska ta maƙale a ciki. Shi ya sa za ki ga Baba ya zauna ya dafa gwiwoyinsa, ya tsuke leɓe yana fitar da iska a hankali kamar mai hura shayi. Ba wanda ya koya masa, jikinsa ne ya gano cewa tsuke bakin yana hana rassan rufewa da wuri. Ki bar shi ya riƙa yi, mu ma haka muke koya wa marasa lafiya.

To, me ke ci gaba da hura abin bayan an bar taba? A nan ne ilimin ya fi nisa a shekaru ashirin ɗin nan. Binciken Hogg na 2004 ya duba huhun da aka yanko daga mutanen da cutarsu ta yi tsanani, waɗanda suka bar taba shekaru da dama kafin nan, aka tarar bangon ƙananan rassansu cike da ƙwayoyin garkuwa. Abin kamar wutar ƙaiƙayi ne, an ɗauke garwashin da ya kunna ta, sama babu harshe, amma tana ci ta ƙasa domin abin da take ci shi ne abincinta.

Ɓarnar kanta tana kira. Idan masu narkarwa suka yanka elastin, gutsattsarinsa suna jawo ƙwayoyin da ke zama makrofej. Idan suka yanka kolajin, wani zaren da ke ƙarfafa bangon huhu, akwai wani ɗan gutsure mai suna PGP da ke shiga gurbin da IL-8 ke shiga a jikin niyutrofil, ya kira shi kamar yadda IL-8 ke yi. Niyutrofil ya zo ya yanka, yankan ya kira wani niyutrofil. Ba a buƙatar ko zuƙa ɗaya ta taba don wannan kewaye ya ci gaba.

Sai makrofej, wanda a ganina shi ne tsakiyar matsalar. A huhu mai lafiya yana da aiki biyu: ya haɗiye bakteriya, ya kuma haɗiye gawarwakin ƙwayoyin da suka gama aikinsu. Wannan na biyun yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin a lokacin da makrofej ya haɗiye gawar niyutrofil ne yake fitar da saƙonnin da ke cewa faɗa ya ƙare, a koma gyara. Kumburi ba ya mutuwa don kansa, kashe shi ake yi da saƙo, kamar yadda aka tayar da shi da saƙo. A huhun mai COPD makrofej sun ninka sau da yawa, amma sun yi rauni a duka ayyukan biyu. Gawar niyutrofil sai ta zauna har ta fashe ta zubar da elastes ɗinta, saƙon sulhu kuma bai fita ba. An ga wannan rauni har a waɗanda suka daɗe da barin taba.

Bakteriya kuma sun samu wurin zama. Shimfiɗar da ta lalace ba ta iya fitar da garkuwar IgA zuwa saman majina yadda ya kamata, gashin da ke share hanya sun yi sanyi, makrofej ba ya haɗiya. Sai ƙwayoyi irin su Haemophilus influenzae da Moraxella da niyumokokas su tare a can ƙasa inda bai kamata su yi yawa ba. Ba sa kwantar da mutum kullum, amma kullum suna taɓa wuraren jin da ke kunna NF-kappa-B.

Akwai kuma ɓangaren garkuwar da ke da tunawa. A cutar da ta yi nisa, ƙwayoyin B da T suna gina 'yan dunƙule a jikin ƙananan rassan, irin ginin da ake gani a kaluluwa, su zauna dindindin. Ƙwayoyin CD8 suna kashe ƙwayoyin bangon jakunkunan iska, suna fitar da intaferon-gama, shi kuma ya sa a ƙera saƙonnin da ke kiran ƙarin CD8. A wasu marasa lafiya an samu garkuwar da ke kai wa sassan huhun kansa hari. Ga kuma tsufan ƙwayoyin halitta: waɗanda hayaƙi ya wahalar suna daina rabuwa ba su mutu ba, su zauna suna ɗigar da IL-6 da IL-8 da MMP-9. Huhun mai COPD ya girmi mai shi.

Wani abin da mutanenmu ke mantawa shi ne, taba ta tafi amma hayaƙi bai tafi ba. Idan ɗakin Baba yana kusa da madafi ana girki da itace ko kara ko gawayi, idan ana kunna maganin sauro mai hayaƙi a rufe ƙofa, ko a sa masa kaskon wuta a ɗaka lokacin hunturu, ko janareta yana huci a bakin taga, duk waɗannan suna shiga ta ƙofar da taba ke shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki taba ce ke jawo fiye da kashi 70 cikin 100 na COPD, a ƙasashe irin namu kuwa kashi 30 zuwa 40 ne, hayaƙin cikin gida yana da babban kaso a sauran. Don haka ki sa ido a kan Mama ma, idan ta yi shekaru a bakin murhu tana tari. Mata da yawa suna da cutar ba su taɓa riƙe sigari ba, ana ta ce musu sanyi ne.

Yanzu batun abin shaƙan ƙaninki. A asma, galibi ƙwayoyin da ke gaba su ne iyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, saƙonninsu kuma IL-4 da IL-5 da IL-13. Sitiroyid yana kashe iyosinofil da sauri, yana rufe waɗannan saƙonni. Niyutrofil kuwa sitiroyid ba ya kashe shi, hasali ma yana ƙara masa tsawon kwana. Ban da haka, sitiroyid ba shi kaɗai yake aiki ba. Idan ya shiga ƙwayar halitta, sai ya nemi wani mataimaki mai suna HDAC2, shi ne ke nannaɗe DNA ya rufe ƙwayoyin gadon da NF-kappa-B ya buɗe. A 2005 Kazuhiro Ito da Peter Barnes da abokansu a Landan suka nuna cewa HDAC2 ya ragu a huhun masu COPD, kuma gwargwadon tsananin cutar gwargwadon raguwarsa. Sinadarai masu ƙuna na hayaƙi da na kumburin kansa su ne ke lalata shi. Maganin ya isa wurin, mataimakinsa ne babu. Wannan ne ma ya sa mai asma da ke shan taba yake rasa cikakken amfanin abin shaƙansa, ki faɗa wa ƙaninki.

Da aka fahimci saƙonnin nan, an sa rai ƙwarai cewa toshe su zai warkar. An gwada infliximab mai toshe TNF, wanda ke yin abin mamaki a wasu cututtukan gaɓoɓi da hanji, sakamakon 2007 ya nuna bai amfani masu COPD ba. An gwada masu toshe IL-1 da masu toshe gurbin IL-8, ba a samu abin a zo a gani ba. An gwada ɗan ƙaramin adadi na tiyofilin, wani tsohon maganin buɗe hanyar iska, da fatan ya farfaɗo da HDAC2, babban gwajin Birtaniya na 2018 ya nuna bai rage tashin cutar ba, wato kwanakin da haki da kaki ke ƙaruwa. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, hanyoyin kiran niyutrofil suna da yawa, in an toshe ɗaya sauran su cike gurbi, in kuma an toshe su da yawa sai mutum ya rasa abin da ke kare shi daga bakteriya. Don haka duk wanda ya zo muku da wani haɗi ko ƙwaya yana cewa tana wanke huhu ta kashe kumburi, ku riƙe kuɗinku.

Amma akwai inda aka yi nasara, kuma yana iya shafar Baba. Wani kaso na masu COPD, tsakanin kashi 20 zuwa 40 cikin 100 gwargwadon ma'aunin da aka ɗauka, suna da iyosinofil a cikin kumburinsu, kuma su sitiroyid na shaƙa yana rage musu yawan tashin cutar. Ana gane su da gwajin jini mai sauƙi, cikakken ƙidayar jini da ake yi a kusan kowane babban asibiti. Tun 2019 ƙa'idojin GOLD, waɗanda likitocin huhu ke bi a duniya, suka sa wannan a ciki: iyosinofil 300 ko fiye a kowace maikurolita, ana sa ran amfani sosai, ƙasa da 100, da wuya a amfana. Takardar gwaji sau da yawa kaso take bayarwa, sai ki lissafa. Idan jimillar fararen ƙwayoyi 7,000 ce, iyosinofil kuma kashi 5 cikin 100, to 350 ke nan. Idan kashi 1 ne, 70 ke nan. A yi gwajin lokacin da Baba yake lafiya lau, ba ya shan firedinisolon, wato sitiroyid na haɗiya, domin ƙwayar tana saukar da adadin.

A nan dole in ja hankali kan abin da ya shafe mu musamman. Tsutsar ciki da tsargiya suna ɗaga iyosinofil, kuma waɗannan ma'aunai an samo su ne galibi a ƙasashen da tsutsa ba ta dame su ba. Manomin fadama ko masunci da aka samu adadinsa 600, ya kamata a duba bahayarsa da fitsarinsa kafin a ɗora laifin a kan huhu. Wannan lissafi ba wasa ba ne, domin sitiroyid na shaƙa yana ƙara haɗarin ciwon nimoniya ga masu COPD, yana kuma ƙara haɗarin tarin fuka, mu kuwa Najeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya. Ba wa wanda ba zai amfana ba, ɗora masa haɗari ne kawai. Kada kuma Baba ya ajiye nasa da kansa, musamman idan yana da tarihin asma, likita ne zai yanke.

Ki kuma lura da ma'aunin da kuke auna maganin da shi. Sitiroyid na shaƙa a COPD babban aikinsa rage yawan tashin cutar ne, ba a cika jin sa a hakin yau da kullum ba. Abin da ke sauƙaƙa haki shi ne masu buɗe hanyar iska masu dogon aiki, irin su tiotropium da formoterol, su ne ginshiƙin magani, kuma haɗa iri biyu ya fi ɗaya. Ki sa likita ko nas su kalli yadda Baba ke shaƙa, domin sau da yawa maganin a harshe da maƙogwaro yake ƙarewa.

Ga masu iyosinofil da yawa waɗanda cutar ke ta tashi duk da suna kan abin shaƙa iri uku, yanzu akwai allurar dupilumab mai toshe IL-4 da IL-13, ana yin ta duk mako biyu. Gwaje-gwaje biyu na 2023 da 2024 sun nuna ta rage tashin cutar da kashi 30 da kashi 34 cikin 100, kuma Turai da Amurka sun amince da ita don COPD a 2024. Ita ce ta farko a irinta bayan shekaru na faɗuwa, kuma ta yi nasara ne don an zaɓi mutanen da saƙon da take toshewa yake aiki a jikinsu. Tsadarta ta fi ƙarfin kusan kowa a wajenmu, abin yana damuna, amma darasin da ta koyar kyauta ne: a duba wane irin kumburi mutum yake da shi kafin a rubuta magani. Ga masu kumburin niyutrofil, akwai roflumilast ga mai yawan kaki da cuta mai tsanani, sai dai yana sa zawo da rama. Akwai kuma azithromycin na dogon lokaci, wanda gwajin 2011 ya nuna yana rage tashin cutar, ya fi aiki ga waɗanda suka bar taba kamar Baba, amma yana iya taɓa ji da bugun zuciya, yana kuma koya wa bakteriya taurin kai. Ba abin saye a kemis ba ne.

Tashin cutar da nake ta ambata shi ne kwanakin da haki ya ƙaru, kaki ya yi yawa ko ya sauya launi. Mafi yawansa mura ce ke kawo shi. Bairas ya shiga, niyutrofil su cika hanyar, elastes ɗinsu ya narkar da wasu sinadaran da ke kare majina daga bakteriya, bayan kwanaki sai bakteriya su biyo baya. Hazo da ƙurar hunturu ma suna tayar da shi. Kowane tashi mai tsanani yana iya tafiya da wani yanki na ƙarfin huhu da ba zai dawo ba, shi ya sa hana shi ya fi komai a yanzu: rigakafin mura ta shekara-shekara da ta niyumokokas inda ake samu, takunkumi ranar da hazo ya sauka, nisantar jikoki masu mura har su warke. Idan ya tashi, likita na iya ba da firedinisolon miligiram 40 na kwana 5. Gwajin da aka yi a Suwizalan a 2013 ya nuna kwana 5 daidai yake da kwana 14. Na faɗi wannan ne saboda abin da ke faruwa a unguwanni: dattijo ya ji daɗin ƙwayar sau ɗaya, sai ya riƙa aika yaro kemis a sayo firedinisolon ko deksa, wata da watanni. Ƙarshenta suga ya hau, hawan jini ya zo, ƙashi ya yi taushi, cinyoyi su zube, tarin fuka ya samu ƙofa, kumburin niyutrofil kuwa yana nan inda yake.

Saƙonnin nan ba a huhu kaɗai suke tsayawa ba. A wani kaso na marasa lafiya ana samun alamomin kumburi irin su IL-6 da CRP da fibrinojin sun hau a jini, kuma ciwon zuciya yana kashe masu COPD da yawa, musamman a makonnin da suka biyo bayan tashin cutar. A riƙa auna hawan jinin Baba da sugansa. Naman cinyarsa ma abin kula ne. Mai haki yana gudun tafiya, zama yana cinye tsoka, tsoka mai rauni tana buƙatar ƙarin numfashi. Tafiya kullum har ya ji haki kaɗan, ya huta ya ci gaba, da tashi da zama daga kujera, da abinci mai gina jiki irin su wake da ƙwai da kifi da nono, suna rage haki fiye da yadda mutane ke zato, kuma hujjar hakan tana da ƙarfi kamar ta magunguna.

Idan za ku koma asibiti, ki tambaya ko an tabbatar da cutar da gwajin busawa, wato sifirometiri, bayan an ba shi mai buɗe hanyar iska. Ana cewa COPD ce idan iskar daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na duk abin da ya furzar ba. Hoton ƙirji kaɗai ba ya isa. Ki nemi a gwada kakinsa don tarin fuka idan ba a yi ba kwanan nan, musamman in akwai rama ko zufan dare ko jini a kaki, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Tsohon tarin fuka da aka warke ma yana barin toshewa irin wannan, don haka ki faɗa wa likita idan Baba ya taɓa yi. Ki tafi da takardar ƙidayar jini, da duk abubuwan shaƙan da ƙwayoyin da ke gida har da na kemis, da adadin lokutan da cutar ta tashi a shekarar da ta wuce. Idan kuwa kika ga leɓensa ya yi shuɗi, ko ya kasa haɗa jimla saboda haki, ko yana ta gyangyaɗi da ruɗewa, ko ƙafafunsa sun fara kumbura, kada a jira ranar asibiti, a tafi da shi nan take.